Yadda Ake Tsige Shugabar Gasar Kabewa da Kalma Ɗaya

Kana son ka raba mutum da kujerarsa ba tare da ka ɗaga murya ba? A nan Yorkshire ta ƙasar Ingila kalma ɗaya ta ishe ka: "shambles". Ma'anarta hargitsi, taron da ya dagule ba kai ba gindi. Na ga aikinta a bakin maƙwabcina Clive Ackroyd, kuma na ba ka tabbaci ba ta kuskure.

1. Nemi abin haushi

Clive ya yi wata biyar yana renon kabewa, har bargo yake lulluɓa mata. A gasar kayan lambu ta ƙauye ta bara sai ta zo ta uku. Nan take ya ƙudura sai ya ga bayan Maureen Hebden, wadda ta shekara goma sha tara tana shirya gasar. Kai ma nemi taka kabewar.

2. Kada ka taɓa komai

Layin shayi ya karkace, rumfa tana yoyo, kare ya shige ƙarƙashin teburin kek? Zuba hannu a aljihu. Da zarar ka gyara kujera ɗaya, da kai aka yi hargitsin.

3. Saki kalmar a hankali

Ba a ihu da ita. Kurɓi shayi, dubi sama, ka sake ta kamar suɓutar baki. Clive ya saki tasa kusa da matar fasto, kafin a naɗe rumfa kalmar ta zaga ƙauye. In an tambaye ka me ya lalace, ce ba ka son ɓata kowa.

4. Je taron kwamiti

Ranar Talata Clive ya tsuke, ya zauna a sahun gaba. Maureen ta miƙe, idonta ya yi ja, ta ce ta ji abin da ake faɗa, don haka ta sauka. Daɗi ya kashe Clive. Sai ta zagayo ta dire masa makullin zaure da jerin masu wanke kofuna.

"Ga shi, maƙwabci, tunda idonka ya fi namu gani."

Kafin ya buɗe baki an tafa, an wuce wajen.

"Af, ka dai san doka," in ji ta tana sa kwat. "Mai shirya gasa ba ya shiga gasa."

Hattara

Ni dai cewa na yi kalmar tana tsige mutum, kuma ta tsige. Abin da ya biyo baya ba ruwana. Mai ƙorafi ya tarar da Clive a zaure ranar Asabar, yana can yana jera kujeru. Bana kabewar Maureen ce ta zo ta ɗaya.