Ranar da Na Tsuguna wa Jakadan Rasha

Ko da ina so, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsuguna a gaban tsohon jakadan Rasha ba, domin abokan aikina sun ɗauki alkawarin ba za su bar ni in manta ba. Tun da kowa yana ba da labarin yadda ya ga dama, bari ni ma in ba da shi daidai.

A lokacin ban daɗe da kammala digiri na biyu ba, an ɗauke ni aiki na gwaji a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington. Shugabar sashen, Hajiya Rabi, ta riga ta gaji da ni, saboda labarin da wasu ke gamawa kafin shayinsu ya huce, ni sai in wuni ina tantance shi. Da aka ji wani tsohon ɗan siyasar Rasha zai yi jawabi a wata jami'a, sai ta kira ni.

"Ka kawo mini muryarsa," in ji ta. "Idan kuma bincike za ka sake kawo mini, to gwajinka ya ƙare."

Na karanta tarihin mutumin har na kusan fi shi sani. Ya fara ne da zama jami'in jam'iyya a zamanin Tarayyar Sobiyet, ya zama ɗan majalisa bayan rushewarta, sannan mataimakin minista (ba minista ba, kamar yadda wata jarida ta rubuta), daga ƙarshe jakada. Tambaya ɗaya na shirya: ta yaya mutum ke yi wa gwamnatoci hidima alhali kowacce tana tsine wa ta gabanta? Tun daga unguwarmu ta Silver Spring nake maimaita ta a cikin jirgin ƙasa na Metro, har wata mata ta canja kujera.

Da aka tashi daga taron, na kutsa cikin 'yan jarida, Malam Yusufu, wani ɗan Damagaram da ya girme ni a aiki, yana biye da ni. Sai ga ni a gaban jakadan, dattijo mai furfura, sa'an kakana, ya miƙo mini hannu. Ban yanke shawarar komai ba. Jikina ne ya yi abin da aka koya masa a zauren gidanmu: na kama hannunsa da hannu biyu, na yi ƙasa. (Tsugunawa na yi. Gwiwata ba ta taɓa ƙasa ba, duk wanda ya ce durƙusawa na yi bai faɗi gaskiya ba.)

Dattijon ya dube ni, ya dubi masu tsaronsa, sannan a hankali shi ma ya tsuguna. Na ji ƙarar gwiwoyinsa, na'urata ta ɗaukar murya ma ta ji.

"A aikinmu, abin da aka yi maka shi kake ramawa," ya ce da ni da Turanci. "Mece ce tambayarka?"

A nan ƙasa, tsakanin takalman mutane, na yi masa tambayar ba tare da na rage kalma ɗaya ba. Ya yi yunƙurin miƙewa kafin ya amsa, sai ya kasa. Ya sake yunƙurawa, ya dawo. Dole na rungume shi ta ƙarƙashin hammata na ɗago shi kamar buhun masara, hulata ta faɗi, wayoyi suna ta ɗaukar hoto.

"Ga amsarka," in ji shi yana haki. "Kowace gwamnati ta sauke ni. Ban taɓa tashi ba sai da na sami wanda zan dafa."

Malam Yusufu bai taimaka da komai ba, hoto yake ɗauka. A hanya ya ce, "Ƙanena, yau ka ƙulla zumuncin da aka yi shekaru ana nema da Rasha. Saura ka nemi auren jikarsa."

Hajiya Rabi ta saurari muryar, ta dubi hoton, ta cire tabarau.

"Ɗan jarida ba ya tsuguna wa wanda zai yi wa tambaya," in ji ta.

"Ranki ya daɗe, tambayar ta yi laushi?"

Ta mayar da tabaraunta. Da yamma aka sa muryar a labarai, har da ƙarar gwiwoyin, aka kuma tabbatar da ni a aiki. Har yau ana kirana Mai Ɗaga Jakada, ina kuma amsawa.

Na ji kunya, ban musa ba. Amma ban yarda na yi laifi ba: furfura furfura ce, ko daga Mosko ta zo, kuma ladabi bai hana ni tambayar da masu tsaye suka kasa yi ba. Abu ɗaya kawai na gyara. Yanzu kafin in tunkari kowane dattijo, sai na tabbatar akwai kujera biyu a kusa.