Kafson Ƙwaƙwalwa da Na Kai Ɗakin Gwaji

Ko na so in manta da wata Laraba a shekararmu ta uku a sashen kimiyyar sinadarai, 'yan ajinmu ba za su bari ba. Ni dai ba mai magana ba ce. Daga gidan gwaggona a Tudun Wada sai makaranta, sai littafi. Abin da aka san ni da shi ɗaya ne: ba na faɗin abu sai na tabbatar.

Muna dawowa daga biki motarmu ta tsaya a Tsafe, na ga wani mai tebur yana tallar kafso na ƙara kaifin ƙwaƙwalwa. Na karanta takardar kwalbar har sau biyu. An rubuta zallar ganyen wata bishiya ce ta ƙasar Sin, babu gaurayen komai. Na saya a ɓoye.

Cikin wata guda na ji canji. Abin da na karanta yana zama, na daina gyangyaɗi a aji. Na ware littafi ina rubuta abin da nake ji kullum (har da zana jadawali da rula, Allah ya yafe mini). Na gaya wa ƙawata Rabi, Rabi ta gaya wa duniya, mutum shida suka aika Tsafe.

Da aka ce kowa ya kawo abin da zai gwada a gaban aji, kuma makin zangon ya rataya a kai, ban yi shawara da kowa ba. Na tsaya gaban mutum arba'in, na yi bayanin ganyen na minti goma. Na ce yau za su gani da idonsu.

Malam Garba, dattijon da ke kula da ɗakin gwajin, ya ce a fara da mai sauƙi. Na fasa kafso ɗaya cikin ruwa, na ɗiga aidin. Nan take ya koma baƙi-baƙi mai shuɗi, alamar sitaci. Na ce ai kwalbar gwajin ce ba a wanke da kyau ba (shi ne ya wanke ta, yana tsaye kusa da ni). Ya miƙo mini sabuwa. Na sake. Na ƙara sakewa da ta uku, don ba na yarda da sakamako ɗaya. Wato da hannuna na tabbatar da kunyata sau uku.

Ya shafa garin a gilashi, ya leƙa ta madubin ƙara girma, ya daɗe.

"Ɗiyata, ke 'yar ina ce?"

Na ce Bungudu.

"To ki gaida mutanen gida. Wanga garin masara na, da ɗan kala."

Dariyar da aka yi ba ta dame ni kamar idon Rabi ba. Daga baya ta ce, "Malama mai bincike, ashe tuwo muke haɗiya da ruwa."

Amma ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne: to me ya sa ya yi mini aiki? Na tambaya da ƙaramar murya. Malam Garba ya karɓi kwalbar kafson, ya ce in karanta yadda ake sha. Na karanta: a sha bayan karin kumallo mai kyau, a yi barcin awa takwas, a yawaita shan ruwa. Ya tambaya ko na bi. Na ce ban taɓa tsallake ko rana ɗaya ba. Kafin nan kuwa da yunwa nake zuwa aji.

Na sake rubuta rahoton gwajin da sakamakon gaskiya, na ci makin, kuma shi ne mafi yawa da na taɓa samu. Su shidan sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri.

Yanzu in abu ya burge ni, ina fara gwada shi ni kaɗai, ƙofa a rufe, kafin in kira mutum arba'in su zo kallo.