Dosiyen da Na Ɗinke ta Dama

Ranar kasuwar Filinge, Kawu ya tafi sallah ya bar mini shagon fotokofi. Sai ga wani dattijo daga Sanam da takardun gonarsa. Gobe shari'a, maƙwabci na neman cinye masa ita.

"Yaro, ka iya ɗinkin dosiye wanda ba a zare ko takarda guda?"

"Baba, ai ka zo gidan ɗinki!"

Na huda da basilla, na ɗinke da zaren dukawa, na malala gam, na zauna a kai har ya bushe. Ko raƙuma biyu ba su raba shi.

Kawu ya dawo, ya juya dosiyen, ya dafe kai.

"Wanga mi ne ne? Ta dama ka ɗinke! Faransanci ne ko littafin makarantar allo?"

Ya yi ya yi ya kwance, zare ya ƙi. Haka dattijo ya kai shi gaban alƙali. An ce alƙali ya buɗe kamar mai shirin tilawa, ya murmusa, ya karanta tas. Ba abin da ya ɓace, gona ta tabbata ta Baba. Har zabuwa ya kawo mini!

Amma har yau in na ratsa kasuwa sai in ji: "Alaramma, zo ka ja mana baƙi a takardar gona!"