Saniyar Abu Talji

Duk unguwar Aƙiƙ ta birnin Madina babu masanin sanyi kamar Alhaji Sharfuddeen. Allah Ya ba shi ilimin nan ne a tafiya guda, ranar da ya raka ubangidansa Tabuka ya hango ƙanƙara a kan dutse ta gilashin mota. Bai sauka ba, amma ya gani. Tun daga nan ake ce masa Abu Talji, uban ƙanƙara, shi kuma yana amsawa da ɗaga gira. Sai dai abin da ransa ke so shi ne dattawan unguwa su kira shi Duktur, wato Dokta.

Ana haka aka sauke wata saniyar Turai a Jidda, wanda ya yi odarta ya gan ta ya fasa. Jawur take, gashi har gwiwa, geza ta rufe mata ido. Alhaji ya kwaso ta zuwa garkar dabinonsa, ya tara jama'a.

"Ya jama'a, wannan ba irin shanunku ba ce," in ji shi. "Riga biyu gare ta, ta ciki da ta waje. Ƙanƙara na zuba, ita tana tuƙa. Ku bari hunturu ya kama, ku zo ku gani. In ta yi rawar ɗari, kada wanda ya sake gaishe ni."

Dattawa suka ce in ba ta yi ba, shi Duktur ne.

Abin da ilimin Tabuka bai hango ba shi ne zafin Madina. Baiwar Allah ta zazzago harshe tana haki. Alhaji ya ciro mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, daga ɗakin matarsa Hajiya Sabuwa ya kafa wa saniya, Hajiya ta koma fifita. Haki bai tsaya ba. Sai ya kira Rabo wanzami.

"Ranka ya daɗe, saisaye ko ƙwal?"

"Ƙwal. Juriyar a jini take, ya Rabo, ba a gashi ba."

Kowace Juma'a Rabo ya aske Alhaji, ya juya ya aske saniya. Hajiya ta cika matasai da gashin.

Sanyi ya sauko kwatsam, ana gama aski da kwana ɗaya. Da hantsi dattawa suka hallara cikin mayafai, aka fito da saniya sumul kamar tulu. Iska ta kaɗo daga kwari. Ƙafafunta suka fara kaɗawa.

"Wannan motsa jini ne irin na Turai," in ji Alhaji.

Ta yi atishawa. Alhaji ya tuɓe mishlahinsa, alkyabbar nan mai bakin zinariya, ya yafa mata, wai don ƙura. Ya ƙara da rawani, ya ƙara da rigar ulu. Ya rage daga shi sai 'yar shara, haƙora na haɗuwa, yana ta bayanin riga biyu.

Nan Amm Abdulrauf ya iso a makare, tsoho ne, idonsa ya yi rauni. Ya nufi mai mishlah da rawani, ya rusuna.

"Barka da hantsi, ya Duktur. Masha Allah, ga kwarjini!" Ya waiga wajen Alhaji. "Kai kuma makiyayi, ka nemi riga mana."

Dattawa dai mutanen kirki ne, ba su fasa ba da sunan ba. Har yau in an ce Duktura a Aƙiƙ, saniyar ce ke ɗago kai.