Yadda Za Ki Hana Baffanki Sayar da Gona Ba Tare da Kin Yi Masa Musu Ba

Ke 'yar'uwa mai digiri, wadda aka yi wa walima aka ce saura ofis mai sanyi: idan kin ƙuduri niyyar zubar da wannan daraja a tsakanin karan dawa, kin zo wurin gwana. Ni Sauda na bi matakan nan da ƙafata. Ina ba ki tabbaci, kafin damina ta fita babu uwar da za ta ƙara nuna ki a gidan biki ta ce wa 'yarta ta yi koyi da ke. Amma gona tana nan.

1. Ki gaji gona a inda bai dace ba

Tamu tana bayan Gwallameji. Lokacin da mahaifina yake noma ta, daji ne. Yanzu gidajen haya sun kewaye ta, ɗalibai suna shanya wanki suna kallon ki. Da ya rasu, ƙaninsa Baffa Sabitu, tsohon ma'aikaci da ke zaune a GRA, ya tara mu ya ce an sami mai saye: Oga Festus mai shagon kayan gini, zai jera ɗakuna.

Kada ki yi kuka, kuka ba ya tsayar da mai awo. Ki durƙusa ki ce, "Baffa, na riga na yi shuka."

Dattijon kirki ba ya sa a tura katafila kan abinci yana tsaye. Alhaki ne, kuma labari zai kai masallaci. Zai ce, "To, ranar da kika kwashe amfanin gona ƙasa ta zama fili, sai a zo a auna." Ki ce, "Allah ya ƙara girma." Aikinki daga yau shi ne kada wannan rana ta zo.

2. Ki ƙi takin zamani da maganin feshi

Ƙasar ta gaji, kin karanta dalili a jami'a, don haka ki ciyar da ita da abin da mutane ke zubarwa. Ki bi gidaje kina roƙon toka, kashin awaki da ɓawon gyaɗa. Ki sa atamfarki mai kyau idan za ki fita, don masu gulma su gane ki daga nesa ba tare da sun wahala ba.

Mai keke zai leƙa buhun ya ce, "Hajiya, wannan kaya yana da rai?" Ki ce masa mushen ilimi ne. Zai ɗauke ki sau ɗaya. Gobe ki nemi wani.

Ki haƙa rami, ki zuba, ki riƙa juyawa. Maƙwabciyata Malama Dorcas ta leƙo ta katanga ta ce, "Sauda, don Allah me ya mutu?" Na ce, "Sunana ne, Anti, ina binne shi." Yanzu ita ke tara mini ɓawon doya.

3. Ki saba da asara

Shekarar farko dawarki za ta fito kamar wadda ta yi jinya. Tsutsa za ta shiga masara, ke kuma kin yi rantsuwa ba feshi, sai ki daka ganyen dogonyaro ki jiƙa ki yayyafa. Wadda ta ƙi mutuwa ki tsince ta da yatsu. Wuta-wuta, ciyawar nan mai furen ado da ke shanye dawa daga saiwa, ki tuge ta kafin ta zubar da iri, bayanki yana ƙara.

Tafin hannunki zai yi kanta. Mai lalle za ta juya shi ta ce, "Amarya ce ko birkila?" Kada ki amsa. Mai ilimi ba ya jayayya da gaskiya.

Innata ta auna abin da na samu a shekarar da ido, ta ce, "Kaji ma sai sun yi haƙuri." A daren na yi kuka. Ba a cikin matakan yake ba, amma an yarda, muddin Baffa bai ji ba.

4. Kada ki bar ƙasa tsirara

Nan ne sirrin. Gero yana nuna, dawa tana tsaye. Dawa tana nuna, wake yana yaɗo a gindinta. Kafin ruwa ya ɗauke, ki dasa rogo layi-layi daga wannan iyaka zuwa waccan, yadda igiyar mai awo ba za ta miƙe ba sai ta karya wani. Rogo ba ya gaggawa. Yana nan har rani, har ruwan fari, lokacin kuma gero ya tsiro a tsakaninsa. Karan da kika yanke ki shimfiɗa shi a ƙasa, kada ki ƙona.

A littafi, wannan yana riƙe laima yana hana zaizaya. A gidanmu, yana riƙe Baffa.

Da rani awakin unguwa za su gano cewa ke kaɗai ke da kore. Ki yi shinge da ƙaya da zogale, sannan ki koyi gudu da zani.

5. Ki karɓi baƙi da ladabi

Za su zo bayan girbi, Baffa a gaba, Oga Festus a baya da mai awo.

"Sauda, ba kin girbe ba?"

"Na girbe dawa, Baffa. Saura rogo."

"Yaushe rogon?"

"Da ruwa ya sauka, in Allah ya yarda."

"In ruwa ya sauka kuma?"

"Ai lokacin gero ya fito, Baffa."

Oga Festus ya ce, "Alhaji, wannan yarinya ba ya gama noma. Ni zan biya rogo, a cire." Baffa ya dubi rogon, ya dubi tagogin da ke cike da 'yan kallo, ya ce, "Ɗanye ne. Ba da bakina ba." Ki cika wa baƙo leda da wake kafin ya tafi. Haka muka yi damina bayan damina, har Oga Festus ya gaji ya sayi fili a hanyar Yelwa. Matarsa Mojisola kuwa ba ta gaji ba, har yau wake take aikowa a auna mata.

6. Kada ki yi murna a gabansa

Bana dawa ta fi ni tsawo. Na kai wa Baffa buhu, ya tura hannu ya murza ƙwayar. Irin da yayansa ya bari ne. Sai ya ce, "Maganata tana nan. Ranar da ƙasa ta zama fili, za a sayar."

Na ce, "Tana nan, Baffa."

Da zan fita ya ce in buɗe bayan motarsa in sauke wani abu da ke damun sa da wari. Buhun kashin kaji ne, an ɗaure bakinsa da kyau.

Gargaɗi

Marubuciya ba ta da alhakin ciwon baya, baƙin fuska, saurayin da ya zo zance aka miƙa masa fartanya, ko ƙarar maƙwabta. Idan baffanki ba ya jin kunyar katafila, wannan jagora ba taki ba ce. Mai ƙorafi ya same ni a gona bayan girbi, ranar da ƙasa ta zama fili.