Ranar da Aka Nome Mini Ciyawa

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Wudil, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙari. Lokacin kuɗin mai sun shigo ƙasa, ni kuma fitowata daga jami'a ke nan, aka ba ni aiki a ofishin gwamnati, aka haɗa mini da gida mai rufin kwano da famfo da ɗan fili a gaba. Filin nan shi ya jawo mini.

A jami'a na saba ganin gidajen malamanmu da ciyawa shimfiɗe a ƙofa, koriya shar, an aske ta daidai kamar darduma. Sai na sa a raina cewa haka gidan mai digiri ya kamata ya kasance (ban ce tunanin daidai ne ba, na dai faɗi abin da ke raina a lokacin). Na je Kano na samo irin ciyawar kirikiri wajen wani mai lambu, na ɗauro a bayan babur. Na dasa, na zuba busasshen taki daga kasuwar shanu, na tsince tsakuwa da hannuna. Da bazara ta kankama nakan ba ta ruwa da sanyin safiya da kuma bayan la'asar, don mai lambun ya ja mini kunne cewa ruwan tsakar rana dafa ta yake yi. In ta yi tsawo in rage ta da langalanga, a hankali, kada in yi ƙasa da yawa rana ta ƙone saiwar. Maƙwabta sukan tsaya su kalle ni, su ce sannu da aiki, su wuce. Yanzu da nake tunani, wataƙila ba yabo ba ne a cikin sannun.

Akwai kuma wani dalilin. Ina neman auren Hajara, wata malamar firamare 'yar Lajawa, magana har ta kai ga manya. Mahaifinta ya ce shi ba ya yanke komai sai abin da yayansa Baffa Sule ya gani, don shi ne waliyyi. An gaya mini Baffa zai leƙo ya ga inda 'yarsu za ta zauna, amma ba a sa rana ba, ni kuma ban taɓa ganin fuskarsa ba. A tunanina ciyawar nan ce za ta yi mini shaida, a ga cewa ni mutum ne mai kula, wanda abu ba ya mutuwa a hannunsa.

Ranar na tashi daga ofis da wuri don in yi shirin masallaci. Ina shan kwana sai na hangi ƙofar gidana ja wur, ƙasa tsirara. Da farko na ɗauka ɓatan kai na yi, tunda gidajen gwamnati duk kamarsu ɗaya. Na sake dubawa. Gidana ne. Ga mutum uku, daga su sai 'yar shara da wando a naɗe, biyu na ƙarasa kusurwar ƙarshe da fartanya, ɗaya na bi da shara. Ciyawata kuwa an tara ta tsibi guda a gindin darbejiya, wani jaki ya sa kai yana ci hankali kwance.

Ni mutum ne da ko masinja zan aika sai na ce in ba damuwa. Har yau ban san inda muryar nan ta fito ba. Na ɗauka leburorin da ake turowa gyaran gidaje ne, na saki babur ya faɗi, na nufe su.

"Wane jahilin ne ya sa ku wannan ɓarna? Ku in ba gero ba, ba ku san wani abu mai kyau ba? Wannan ai ƙauyanci ne."

Na ƙara da wasu maganganun, rabinsu da Turanci (wannan rabin kaɗai nake gode wa Allah a kansa).

Babban cikinsu, mai farin gemu, ya miƙe ya ajiye fartanya. Ya taka zuwa gindin darbejiya, ya sauko da wata babbar riga da ke rataye a reshe, wadda sai lokacin na lura da ita. Ya saka, ya gyara zaman hula, ya kakkaɓe hannu. Sannan ya yi mini sallama, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi da mutanen gida, bai tsallake ko ɗaya ba. Ina amsawa ina ƙare masa kallo, don lebura ba ya zuwa aiki da irin wannan riga.

"Ni ne Sule, daga Lajawa," in ji shi. "Waɗannan kawunnan Hajara ne. Kasuwa muka zo, muka ce bari mu biyo mu gaisa."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Ya yi mini bayani a natse, cewa sun iso ba kowa, suka tarar ciyawa ta cinye ƙofar gida, tausayina ya kama su. Tuzuru ne, aikin gwamnati bai bar shi ya yi noma ba, ga damina tafe da macizai da sauro, ga shi nan za a kawo yarinya. Da ma sun sayi sababbin fartanyoyi, sai suka ce maimakon zaman banza bari su taimaka. Abu ɗaya dai ya ɗaure musu kai, yadda ciyawa ta yi ɗanya haka da tsakiyar bazara, kamar ana ba ta ruwa.

Kaina a ƙasa na ce ni nake ba ta.

Ɗaya daga cikin kawunnan ya tambaya ko tumaki gare ni. Na ce a'a. Ya ce to sayarwa nake yi? Na ce a'a, Kawu, kallonta ake yi.

"Kallo," in ji Baffa, yana jinjina kai. Kawun ya juya mana baya, kafaɗunsa na rawa.

Na ba da haƙuri har na rasa kalmomi. Baffa ya ce ba komai, lokacin salla ya yi. A sahu ɗaya muka yi Juma'a, kuma in aka tambaye ni a kan me liman ya yi huɗuba, ba zan iya faɗa ba.

Kwanakin da suka biyo baya abinci bai wuce mini ba, na riga na cire rai. Sai Hajara ta kawo mini labarin abin da Baffa ya gaya wa mahaifinta, tana yi tana danne dariya. Wai yaron yana da zafi, bakinsa kuma ba linzami, amma a ba shi. Wanda ke shayar da ciyawar banza safe da yamma, har ya nemi yin dambe a kanta, ba zai bar 'yar mutane da ƙishirwa ba.

An ɗaura aure bayan girbi. A Lajawa kuwa, har jikokin Baffa da Mai Ciyawa suka san ni, ina jin wasunsu sun ɗauka sana'ata ce. Ban ce na koyi wani babban abu ba, amma tun daga ranar, in na ga mutum yana yi mini ɓarna da fartanya a hannu, sai mun gama gaisawa tsaf kafin in tambayi wanda ya aiko shi.