Motar da Ta Tsaya Tunani a Shataletale

Auren Wa'il, ɗan maƙwabcina, yana lilo, kuma mota ce sanadi. Ranar Alhamis da la'asar ubansa, Ammu Shehata mai gyaran agogo, ya ɗauki farantin kek ɗin basbusa zai je nema masa aure, ni ne ɗan rakiya. Muka shiga motar nan mai tuƙa kanta da Masu Girma Bashoshi, masu mulkin gari, suka sayo wa Alƙahira, Allah ya ƙara musu hangen nesa, tunda ramukan titin da ke kusa ba sa ganinsu.

Lafiya lau muka kai shataletale. Nan ta ƙame.

Wai ba ta shiga sai ta lissafa abin da kowa zai yi. Ga mai tuktuk, wato a-daidaita-sahu, ya biyo hannun da ba nasa ba. Ga wata hajiya ta ɗaga tafi ta tsunduma cikin motoci. Ga jakin mai kankana, wanda ko mai shi bai san niyyarsa ba.

"Ana jiran tabbaci," in ji muryar motar.

"'Yar nan, cusa hanci kawai!" in ji Ammu Shehata.

Direban bas ɗin bayanmu ya leƙo. "Alhaji, gawa kuka ɗauko? Ina direbanku?"

"Babu, Usta," in ji Ammu Shehata, don haka ake kiran direba a nan.

"To wa zan zaga?"

Kowa ya san yadda ake shiga: ka fitar da hannu ta taga, ka tattara yatsu, ka kalli idon mutum, ya sam maka wuri. Amma Bashoshi sun sa an liƙe tagogin saboda tsaro, an cire hon saboda wayewa. Ƙofa ma ba ta buɗuwa a tsakiyar titi.

Uban yarinya ya bugo waya. "Shayi ya huce, Alhaji. In kun fasa ne, ku faɗa."

"Wallahi motar ce take tunani."

"Madalla. Mu ma za mu yi tunani."

Wajen magariba cunkoson da muka haddasa ya zagayo ya toshe ko'ina, ko keke ba ya motsi. Sai motar ta ce an sami tabbaci. Wurin tafiya ne dai babu.

Washegari Mai Girma Kakakin Bashoshi ya sanar cewa motar ba ta taɓa yin haɗari ba. Ni shaida ne.

Uban yarinya kuwa har yau bai gama tunani ba.